Tagar Kwali

Mijina abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya gajiyar aikin hanya? Tunda babu sabis a sansaninku na koma takarda, kamar matan cikin littattafaina. Su a tagar bene suke jiran amsa, ni kuwa sai tagar kicin.

Ina da laifin da zan amsa. Na gaya maka ƙanwarka Auta ta iya karatu kamar ruwa, ashe ni ma ruɗuwa na yi. Kullum da la'asar nakan karanta littafi a fili tana kwance a cinyata, daga baya ta karɓa ta zubo mini shafi guda ba gargada. Jiya na leƙa ta kafaɗarta. Tana kawo rabuwar masoyan a tashar jirgi, alhali littafin a buɗe yake a babin da ko haɗuwa ba su yi ba. Da kunne take haddacewa! Da ta ga na gane sai ta fashe da kuka, ta ce kada in gaya wa Yaya.

Ga shi na gaya maka. Na tuna ka ce in ta sake maimaita aji uku za ka cire ta daga makaranta. Don Allah ka dakata mini.

Taka har kullum,
'Yar Takarda

*

Mijina,

Ina gaishe ka da kewa. Ya jikin, ya zafin rana?

Na je wurin malamarsu. Ta zaunar da ni a ƙaramin benci, gwiwoyina har ƙirji, ta ce abin da ke damun Auta sunansa disleksiya. Wai ba lalaci ba ne, ba ciwon ido ba, ba kuma ƙarancin basira ba. Ƙwaƙwalwar yaro ce ke shan wuya wajen haɗa harafi da sautinsa. Na ji kamar ana ba ni labarin masoya biyu da ke unguwa ɗaya amma kullum suna saɓani a hanya. Da na faɗa mata haka, malamar ta yi dariya ta ce, "To, Uwargida, aikinmu mu haɗa su."

Yanzu ina zuba gari a faranti, Auta ta zana harafi da yatsa tana faɗin sautinsa. Na yanka 'yar taga a jikin kwalin sabulu, muna ɗora ta a shafi don layi ɗaya kawai ya leƙo. Wata rana kalma biyar muke samu, wata rana ta ture farantin ta ce na fi malamarsu naci. Wani lokaci ina kallon farin yatsanta, sai in hango ta ta girma, tana karanta mini in idona ya gaza.

Malama ta ce da wuya ta tsallake bana. Ban ɓoye maka ba. Hukunci na hannunka.

Matarka,
'Yar Takarda

*

Mijina,

Gaisuwa da fatan alheri. Direbanku ya kawo amsarka da hantsi. Ban buɗe ba, sai na miƙa wa Auta. Wannan kam ba ta taɓa jin ta a bakin kowa ba.

Ta ɗora tagar kwali. Layi huɗu ka rubuta, muka yi kusan rabin awa, shayina ya huce. Sau biyu na buɗe baki zan taimaka, ta ce, "Anti, ki bari!" Ta tsaya a kan kalma ɗaya tana yanka ta gunduwa-gunduwa: ma, ka, ran, ta. Sai ta koma farkon layin ta haɗa: "Ta ci gaba da zuwa makaranta, ko sau nawa za ta maimaita."

Ta ci gaba da kallon takardar. Can ta ɗago ta ce in gaya maka ta gode, amma in ka dawo ka zo mu zauna gaban farantin gari, don rubutunka ma yana neman taimako.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Mai kewarka,
'Yar Takarda