Takardar da Za Ta Ce Ba Ni da Ciki

Zuwa ga Babbar Nas mai kula da asibitin mata na unguwarmu, Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki da ma'aikatan da ke ƙarƙashinki. Allah ya saka muku da alheri a kan wahalar da kuke sha da matan Zango, don na san ba mu da sauƙi.

Sunana Mariyama, mai sayar da shinkafa da wake a tashar Oforikrom. Ba za ki gane ni da suna ba, amma ni ce doguwar nan mai zama a ƙarshen benci kusa da famfo, mai rufe rabin fuska da mayafi. Shekarata tara da aure, ko ɓari ban taɓa yi ba, shekara biyu ke nan kuma ina zuwa wurinku neman magani. Na rubuto da Hausa don na sha jin ki kina yi wa mata faɗa da ita, kin iya ta fiye da yadda kike nunawa. Takardar nan biyu na yi ta, ɗaya taki, ɗaya Magajiya, shugabar matan Zango, za ta sa a karanta a taron mata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa ranar wankana ta zo.

Na ɗaya, maganar benci. Kun sa masu awon ciki da mu masu neman haihuwa rana ɗaya, Talata, benci ɗaya, ƙofa ɗaya. Na taɓa yi wa mai ba da kati magana, ta ce ai katin ya bambanta, nasu ja ne, namu fari. Ranki ya daɗe, wace mace ce a Zango take riƙe kati a fili? Kowa a bakin zane take ƙulle shi. Mai wucewa bencin kawai yake gani. Shi ya sa nake zagayowa ta wajen Dichemso duk ranar da zan zo, tafiyar da ta ninka tawa sau biyu, don kada in haɗu da idon sani.

Na biyu, abin da ya faru Talatar farko ta watan Oktoban bara. Ina zaune sai ga ƙanwata Zuwaira, wadda na goya da bayana, wadda aka yi wa aure ko shekara ba a rufa ba. Awon farko ta zo. A kan bencin nan naku na san tana da ciki. Ta gan ni ta rufe baki, idonta ya kawo ruwa don murna. Kafin in yi mata bayani wata nas ɗinku ta leƙo ta kira sunana, ta ga kamarmu, sai ta ɗaga murya ta ce 'yan'uwa biyu rana ɗaya, lalle gidanmu ya yi albarka. Ta faɗa da Asantanci ta kuma maimaita da Hausa, don kada wata ta rasa. Matan benci suka amsa da amin. Ban ce ta yi da mugunta ba, wasa take yi, amma ba ta duba katina ba kafin ta buɗe baki. Zuwaira kuwa nata cikin tana jin nauyin faɗa, nawa ba ta ga dalilin ɓoyewa ba. Kafin in koma kan tukunyata labari ya riga ni gida.

Na uku, za ki ce me ya hana ni musawa. Na musa, har rantsuwa na yi. Amma akwai abin da ya kamata ki sani game da mu. A wurinmu mace ba ta amsa cikin fari. Ko ya kai mata haɓa, in an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta ce babu komai, in an matsa ta gudu ɗaki. Wadda ta amsa ita ce marar tarbiyya. Don haka duk musun da na yi, shaida ya zama. Surukata, wadda muke kira Iya, muna gida ɗaya da ita, ta yi dariya har da tafi, ta ce haka 'yar mutunci take yi. Maigidana ya san gaskiya, shi yake ba ni kuɗin kati, ya je ya durƙusa ya ce mata babu komai. Ta kore shi da muciya, ta ce ubansa ma haka ya ce lokacin da take ɗauke da shi.

Na huɗu, laifina. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ni ba zan taka nawa ba. Bayan kamar mako biyu na daina musu. Ba mantawa na yi ba, daɗi na ji.

Ki yi haƙuri in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ƙannen maigidana biyu duk a bayanmu suka yi aure, matansu sun haifi 'ya'ya tara a gabana. Duk bikin sunan nan ni ce a bakin murhu, don an ce ni ce ba ni da goyo, hannuna a sake yake. Duk ranar da na ji wata ta samu, sai in shiga makewayi in saki ruwa a bokiti don kada a ji ni, in yi kukana, in wanke fuska in fito in yi barka. In mata suna hirar laulayi na shigo, sai su rage murya, kamar an shigo da mai takaba. Ranar da na ga Zuwaira a bencinku, abin da ya fara zuwa zuciyata ba murna ba ce. Cewa na yi a raina, har ke ma? Yarinyar da na yi wa tsarki da hannuna. Na ji kunyar wannan tunani a lokacin, ina jin ta har yanzu, kuma ga shi za a karanta a gabanta.

To sai ga shi rana ɗaya an matsa mini wuri a tabarma. Ana hira ba a rage murya. Iya ta hana ni ɗaga tukunyar shinkafa, ta riƙa ajiye mini hanta a gefen kwano. Ta buɗe akwatinta ta ciro zanen saƙin da ta goya maigidana da shi, wanda ta hana sauran surukanta, ta ce dama na ɗan babban ɗanta ne. Na karɓa da hannu biyu. In ba kowa a ɗaki nakan ciro shi in shinshina.

Da azumi ya kama, Iya ta ce mai ciki ba ta azumi a gidanta. Takan kawo mini koko da hantsi, in ta juya in zuba wa kaji. Amma kwana uku ta zauna a kaina sai na shanye, na kuwa shanye, lafiyata ƙalau, ba ni da wani uzuri a wurin Allah. Na tambayi malami hukuncin haka, na ce masa wata ƙawata ce.

Na biyar, wanda shi ne ya sa ni ɗaukar alƙalami. Kin san dokar da ta fito cikin azumin nan, cewa baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa. Ni iyayena 'yan arewacin ƙasar nan ne, maigidana kuma ya samu takarda ta wurin aikinsa. Ƙannensa ba su samu ba, Iya ma ba ta samu ba, ga shi tun tana amarya ta zo daga ƙasar Katsina. Aka sayar da abin da za a iya sayarwa, aka kama mata wuri a gaban lori saboda ƙafarta. Ranar tafiya, kaya sun hau, jikoki sun hau, sai ta sa aka sauko mata da ƙullinta. Ta ce ba inda za ta sai ta wanke jikan da ta jira shekara tara. Ƙannen maigidana suka roƙe ta har da kuka. Maigidana ya dube ni. Ina tsaye a wurin, Ranki ya daɗe, bakina yana nan, harshena yana nan, mutane sun fi hamsin suna kallo. Da na ɗaga murya a ranar na yi rantsuwa da Alƙur'ani, wataƙila da ta hau. Na sunkuyar da kai, aka ce kunya ce. Lori ta tashi da jikokinta tara, ta zauna saboda wanda babu shi.

Tun ranar Iya ba ta taka ƙofar gida ba. Matar da ba ta rasa gidan suna ko gidan rasuwa, yanzu ko jin ƙarar mota ta yi a bakin layi sai ta shige bayan durom ɗin ruwa ta tsuguna da ciwon gwiwarta. Ta rame. Takan kira sunayen jikokin ɗaya ɗaya in tana tsintar shinkafa, ta ɗauka ba na ji.

Na shida. Watan jiya na kasa daurewa, na durƙusa na gaya mata komai, na ce ta dubi cikina, wata huɗu ke nan yana nan kamar faranti. Har abin da mace ba ta nuna wa suruka na gaya mata, cewa wata bai taɓa tsallake ni ba. Ta shafa kaina ta ce kada in tsorata, kwanciya cikin ya yi, ta san wata a garinsu da nata ya kwanta shekara uku kuma ta haifi namiji. Yanzu rubutu take aikawa a karɓo mini don a tashe shi. Ta ce ita dai ba daga bakina ta ji ba tun farko, daga asibiti aka ce, masu farin kaya kuwa ba sa faɗin abin da ba su gani ba. Kin ga inda maganar ta dawo. Daga ƙofarku ta fita, kuma ba mai iya mayar da ita sai ku.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

Na farko, ku raba mana rana. In rana ta gagara, ku raba benci, ko ku bar mu mu shiga ta ƙofar baya inda ake shanya zannuwan gado. Ba mu da yawa, kuma ba mu da surutu. Na san mata biyu da suka daina zuwa saboda bencin nan, ba zan faɗi sunansu ba.

Na biyu, ki ja kunnen ma'aikatanki su duba kati kafin su yi wa mace barka. Ban nemi a hukunta kowa ba.

Na uku shi ne na gaggawa. Akwai lorin da za ta tashi mako guda bayan Babbar Sallah, da wasu mutanen garinsu Iya, direban kuma sananne ne. In ta rasa wannan ban san wanda zai kai ta ba. Ina roƙo ki auna ni da hannunki ranar Talata mai zuwa, ki rubuta abin da kika gani, ki buga hatimi. In da hali ki aiko nas ɗin nan da farin kayanta ta karanta wa Iya a tsakar gidanmu, don ita ba ta karatu amma tana girmama hatimi. A wannan lokaci kowa a Zango takardar da za ta ce ya zauna yake nema. Ni wadda za ta ce ba ni da komai nake nema, don tsohuwa ta samu ta tafi wurin jikokinta.

Ga matan da za su ji wannan a taro, ku daina yi mini sannu da jiki. Zuwaira, ki yafe mini guje miki da nake yi tun Oktoba, ba ke kika yi mini laifi ba. In kin sauka ni zan hura wutar sunanki kamar yadda na saba, in kuka ga idona ya yi ja ku ce hayaƙi ne, ku bar ni. Zanen goyon Iya na wanke shi na ninke, zan sa mata a saman ƙullinta, don matar autanta tana da ciki lokacin da ta hau lorin farko.

Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga masu ciki da marasa shi. Allah ya sauki Zuwaira lafiya. Allah ya kai Iya gida, ya sa ta iya duban fuskata kafin ta hau mota.

Zan zo ranar Talata, ta babbar hanya, katina a hannu.

Wassalam.

Mariyama mai shinkafa da wake,
Zango, Kumasi.