Daga Ɗakin Guga zuwa Kanta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi tarin nan nawa. Yana nan, don har yau ina ɗakin guga, tururi na ta dafa ni. Amma mai zama a kantar shagon wankinmu zai bar aiki, kuma Maigida, mai shagon, ya ce zai gwada ni, in har zan iya da masu Turanci. In na kasa, ni da tururi sai abin da Allah Ya yi.

Kin san karatuna bai yi nisa ba. Abin da ya ɗaure min kai wata 'yar magana ce, "pick up". Mai karɓar wanki ya faɗe ta, Maigida ya faɗe ta idan waya na ƙara, wata mata ma ta faɗe ta tana saurin zuwa makarantar ɗanta. Dogo, abokin aikina, har da dariya, wai ina ruwan biri da gada.

Ni dai sai na sa ido. Na lura duk mai faɗinta, hannunsa ke tona masa asiri. Mai karɓar kaya yana miƙa hannu kan kanta. Mai zuwa ɗauko yaro tana kaɗa makullin mota. Yanzu ta gefen labule nake leƙe, ina karatun hannaye. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Inna, albishirinki!

Ranar gwaji duk wanda ya shigo na sallame shi lafiya. Sai ga waya. Maigida ya harɗe hannu yana kallona. Na ɗaga, wata mata na zuba Turanci kamar ruwan sama, "pick up" kaɗai na tsinta. Ga shi waya ba ta nuna hannu. Zuwa za ta yi ta karɓi kaya, ko mu za mu je mu ɗauko?

Na kasa kunne. Can na jiyo kukan jariri dab da wayar, da ƙarar cokali a kwano. Mai jariri a kafaɗa ba fita za ta yi ba. Da gurgun Turancina na tambaye ta ko mu zo gida. Har ajiyar zuciyarta na ji kafin ta ba ni kwatance.

Kin san wanda Maigida ya ce in aika? Dogo! Ya tafi yana ƙunƙuni, ya dawo da ƙullin wankin da ya fi shi faɗi. Ashe biri na da ruwa da gada.

Tarin ya fara sakina. Ki gaya wa Inna ta kira lambar shago ko da gaisuwa ce kawai. Ni zan ɗauka.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta