Kawu Hamani Ya Ƙone Wardin Inna

Galma, ranar Laraba

Zuwa ga yayana Lurwanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan kai da Samira da yara kuna lafiya a Yamai. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan jiki lafiya lau, Baba ma ƙafarsa ta yi sauƙi. Zuciyata ce ba lafiya, kuma ba zan ɓoye maka ba, da fushi nake rubuta wannan takarda.

Ka san jan wardin da marigayiya Inna ta dasa bakin rijiyar garka, lambunmu. Ka kuma san shekara uku ke nan ina fama in haɗa shi da mai ruwan ɗorawa da ka kawo mini, ko Allah Ya sa a samu fure ruwan goro. Yadda ka koya mini haka nake yi. Da sassafe in ɗebi garin fure da gashin kaza in shafa wa ɗayan, in ɗaure da ƙyalle don kada zuma ta ɓata mini aiki, in rubuta rana a 'yar takarda in maƙala. Bana ƙwallo bakwai suka kama, har sun fara nuna.

To, albasar Kawu Hamani ta ruɓe a rudu, rumbun da yake ajiye ta. Kowa ya san ya yi gaggawar cire ta ne ba ta bushe ba, amma Kawu ba ya laifi, sai dai a yi masa. Ya leƙo ta kan shinge ya ga ƙulle-ƙulle da gashin kaza da rubutu, shi ke nan ya gano mai sammu. Ranar Juma'a ina gida ina daka, ya tara mutane, ya sa gatari ya tumɓuke itacen har saiwa, ya cinna masa wuta. Wai ya ce ni na ɗaure masa albasa. Ko takarda guda bai buɗe ba, balle ya ga kwanan wata ne kawai a ciki. Da na iso a guje, toka na tarar. Itacen Inna, yayarsa, wadda ta goya shi!

Baba ya ce in yi haƙuri, babba ne. Inna Mariyatu, ƙanwar marigayiya, ta ce in je in gaishe shi don a kashe magana. In gaishe shi da me? Yanzu in na nufi rijiya mata janye 'ya'yansu suke yi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba tun ranar da aka fita da Inna.

Abu biyu nake so. Ka kira Kawu, ya faɗa a gaban mutanen da ya tara cewa ƙarya ya yi mini. Na biyu, reshen wardin Inna da ka yanka bara ka ce za ka gwada a tukunya, ya kama? Ka gaya mini gaskiya. In ya mutu, babu sauran abin da hannunta ya dasa a duniya.

Ka gaishe da Samira, da Mahdi, da takwarata. Baba na sa muku albarka. Kada ka aiko mini da haƙuri, na samu da yawa a nan. In wardin tukunyar yana raye, ka naɗe reshe ɗaya a jiƙaƙƙen buhu ka ba direban Madawa. Na riga na haƙa ramin, a daidai inda tokar take.

Ƙanwarka,
Hasana