Ƙahon Jirgin Ɗana Ba Shi Da Igiyar Haɓa

Hajiya Sahadatu, ki taimake ni da shawara kafin Juma'a, abin da ke cikina ya hana ni jin daɗin tuwo. Ban yi boko ba. Matata Ruƙayya ce riƙe da biro, na kuma ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Ni haifaffen Zongon Kumasi ne, amma shekara talatin da ɗaya na yi a garuruwan Tema da Ada na bakin teku ina aiki a jiragen Turawa masu tafiya da iska. Mu bakwai muka tafi daga Zongo, marigayi Sumana ya kai mu, shi ya koya mini ƙulli. Duk sun rasu sai ni. Ni ke riƙe da sunayensu da jirgin da kowa ya yi wa aiki. Amma in na fara labari a teburin mai shayi, sai a ce Baba Kyaftin ya fara tuƙi a tudu.

Aikina shi ne babban zanen gaba, wanda ake saki in iska na bayanka. Turawa na ce masa sifinika, mu muna ce masa babbar riga. Sai ka tsaya a hancin jirgi, ruwa na marinka, ka tokare zanen da sanda, in an juya ka cire sandar ka mayar ɗaya gefen kafin iska ta ƙwace. Ba kowa ke iyawa ba.

Ɗana Razak yana sayar da magani a Tema. Allah ya buɗa masa, ya sayi tsohon jirgi. Shekara shida muna shiga tseren mutum bibbiyu a Ada, shi a baya yana tuƙi, ni a gaba. Sau biyu muna zuwa na uku. Bara ƙafata ta ɗan zame. Ɗan zamewa ne kawai, iyakar ƙuguna ruwan ya kai, duk wanda ya ce fiye da haka ƙari ya yi.

To bana sai ya zo da sabon zane, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kamar rigar da tela ya yanka yana gyangyaɗi. Ba ya son sanda, ba ya son mutum a gaba. Naɗe yake a jikin igiya mai tauri, da wani faifai a ƙasa kamar kwarkwaron zare. Kana zaune a baya ka ja igiya ya buɗe, ka ja wata ya naɗe kansa kamar tabarma. Abu ɗaya yake buƙata, ƙaho, wato bututun ƙarfe da zai fito gaban hancin jirgi a ɗaura shi. Wa aka ba ƙirar ƙahon? Surukina Masta Wahab, uban matar Razak, mai walda a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi. Mutumin da ruwan da ya sani a duniya shi ne na lagireto.

Ranar Asabar suka gwada a garejinsa. Suka ɗaure ƙahon a bodin tsohuwar tifa, suka rataye saman zanen a reshen dogon yaro. Fitoci, wato makanikai, sun taru, har masu sayar da shinkafa da wake. Wahab ya ja igiya da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da kofin shayi, zane ya buɗe ja da ruwan ɗorawa, aka yi ta tafi ana Masta, Masta. Wani ya ce ashe abin da Baba Kyaftin ke cika mana kunne da shi ke nan, ai ko mai koko za ta iya. A nan Razak ya ce bana da Baba Wahab zai shiga tseren, ni in zauna a gaɓa in riƙe musu agogo. Baba Wahab! A gabana! Uba nawa gare shi?

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da suka tafi salla na shafa ƙahon. Waldar ta yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba, kamar ɗinkin keke. Amma ba shi da igiyar haɓa. Irin wannan zane sai an ja igiyarsa ta yi tauri ƙwarai kafin ya naɗu daidai, kuma duk ƙarfin sama yake fizgar ƙahon. Dole a ɗaure bakinsa da waya zuwa ƙasan hancin jirgi. Wahab ko zoben ɗaurawa bai sa ba. A gareji iskar ba ta isa ta kashe ashana ba. A bakin Ada da la'asar, inda kogi ke karo da teku, ƙahon zai lanƙwashe, zane ya ƙi naɗuwa, dole wani ya rarrafa gaba. Wahab bai iya iyo ba. Razak ne zai saki tuƙi ya tafi.

Yaron ya tambaye ni ko na ga wani gyara. Na ce ya tambayi Masta, ai shi ne mai teku yanzu.

Ruƙayya ta ajiye biro tana kallona, yanzu ta fara ji. Ta ce ranar Juma'a za a ɗora ƙahon a mota zuwa Ada, in ban yi magana ba za ta karanta wa Razak takardar nan a waya. Hajiya, Allah ne shaida ba na son ɗana ya ji ciwo. So nake kawai Wahab ya jiƙe, ya dawo Zongo ya gaya musu ba wasa ba ne. In na faɗa, na naɗa masa rawani da hannuna, ya ci kofi da ilimina. Yaya zan yi?

Tsohon ɗan gaban jirgi, Zongo, Kumasi.

AMSA

Baba, na gaishe ka, na gaida Mama Ruƙayya da ta rubuta ba ta rage ba.

Teku ba ta karɓar saƙo. Ba za ka ce mata ta jiƙa wancan ta bar wannan ba, kai ka fi ni sani. Don haka maganar a faɗa ko kada a faɗa ta ƙare. Abin da ya rage shi ne daga bakin wa Razak zai ji. In daga bakinka ne, uba ne ya gano gyara. In daga takarda ne, uba ne ya gani ya yi shiru, kuma wannan ba ya goguwa da wuri.

Kana da gaskiyarka. Bai kamata Razak ya sauke ka a gaban fitoci ba. Magana ce ta ɗaki, tsakanin ɗa da uba, kuma ya kamata ka gaya masa ta yi maka ciwo. Amma shi ma yana da tasa. Da idonsa ya ga mahaifinsa rataye a gefen jirgi bara. Wanda ya ga haka ya nemo zanen da ba ya buƙatar mutum a gaba, ba raini ya kai shi ba, tsoro ne. Batun Baba Wahab kuwa, da ya kira sunan surukinsa gatsal, kai ne za ka fara tsawata masa. Tarbiyyarka ce kake jin haushinta.

Kada ka jira Juma'a. Gobe da safe ka je garejin kai kaɗai. Ka yabi waldar kamar yadda ka yabe ta a nan, sannan ka nuna masa inda zoben zai zauna da dalili. Mai sana'a ba ya ƙin gyaran da zai tsare sunansa. Daga nan ka kira Razak, ka faɗa masa tun Asabar ka gani, fushi ya riƙe maka harshe. Ka nemi abu biyu: kowa ya sa rigar ruwa mai hana nutsewa, kuma ku uku ku gwada zanen a Ada kafin ranar tsere. A gwajin ka karɓi igiyar nan da kake rainawa ka koye ta. Aikin gaba ya wuce ka, Baba, amma a zaune ake jan wannan, kuma sanin lokacin ja ba a walda shi. Ka nemi gurbin baɗi da bakinka.

Mai yiwuwa su ci kofin, Zongo ta yi ta kiran Masta wata guda. Zai yi zafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma za ka ga ɗanka ya sauko daga jirgi da ƙafafunsa, ya kuma iya kallon idonka.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya kai su lafiya, ya dawo maka da su lafiya.

Sahadatu