Kwat ɗin da na saya wa Baba

Daren Talata, tsakiyar Janairu

Har yanzu ina jiyo tarin Baba ta bango, kuma laifina ne.

Shekara da shekaru yana kora shanu a ƙafa daga Bagwai, kwana biyu a hanya, da riga uku a jikinsa: singileti, taguwa da tsohuwar suwaita. Rana na ɗagawa sai ya riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma da shisshigi na ce wannan wahala ce, na sayo masa ƙaton kwat na gwanjo. Don ya faranta mini, ya bar nasa a gida, ya ɗora kwat ɗin kan singileti kawai. In ya cire iska ta sare shi, in ya bari gumi ya jiƙa shi sharkaf. Haka ya kwana a daji da jiƙaƙƙen kaya. Likita ya ce ciwon haƙarƙari ne.

Inna jinyarsa kawai take ta yi. Da ma faɗa ta yi.

Ɗazu na ɗauki kwat ɗin zan fitar, sai Baba ya riƙe hannun kwat ɗin ya ce, "Bar min shi nan, Sani. Masu zuwa dubiya su ga abin da ɗana ya saya min."