Na Fara Sayar da Turarenki, Umma

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima. Na san babu mai kai miki wannan takarda, ba kuma za ki karanta ta ba. Ko kina da rai ma, cewa za ki yi in ajiye biro in zo in faɗa da bakina. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, dole in fitar da ita.

Umma, Kano ba yadda kika bar ta take ba. Yau a ji ƙarar bam, gobe a sa dokar hana fita, ko'ina shingen sojoji. An hana acaɓa, don haka mijina Malam Sani ya jingine babur a zaure, yana taya wani abokinsa zaman shago a Ƙofar Wambai. Wata rana a samu, wata rana a yi haƙuri.

Can Borno abin ya fi muni. Ƙanwarki Inna Falmata ta iso mana nan Sheshe da jikokinta biyu, daga su sai kayan jikinsu. An ƙone unguwarsu. Ɗanta Modu har yau ba labarinsa.

To, kin san halin gidanku, ba sai na faɗa miki ba. Ku ba a yi muku alheri ku zauna lafiya. In na kai mata tuwo sai ta tura wa yaran, ta ce ita ta ƙoshi. Ta rame, ta daina magana, ta wuni tana kallon bango. Rannan sai ta ce komawa za ta yi, har ta gama magana da wani direba ɗan garinsu da ke bin hanyar. Wai gara ta mutu a kangonta da ta zauna tana cin guminmu. Na roƙe ta har da kuka, Malam Sani ya kawo mata aya da hadisi, ko gezau. Hanyar da maza ke tsoro, Umma, ita tsohuwa za ta bi. Na rasa ki, kuma in zuba ido in rasa mai kama da ke?

Ana cikin haka bikin 'yar maƙwabta ya taso, suka aiko neman turaren wuta kamar yadda suka saba a zamaninki. Na haɗa sandal da kajiji, na ɗora sukari a wuta. Inna tana gefe tana harara ta. Can dai ta kasa daurewa, ta taso ta fizge muciyar, ta ce zan ƙona sukari in zubar da mutuncin gidanku. Ta wuni tana juyawa, tana yi mini faɗa. Ranar ta cinye tuwonta tas, har ta nemi ƙarin miya.

Nan na gane maganinta. Ba tausayi take so ba, aiki take so, wanda za ta ci abinci ta san hannunta ne ya kawo shi.

Na san dokarki. Ba ki taɓa karɓar ko kwabo a kan turare ba. Duk amaryar da aka kai daga unguwar nan da ƙamshinki ta tafi, kina cewa ƙamshi sadaka ne, ba haja ba. Amma bari in faɗa miki abin da ban iya faɗa ba kina raye. Kin yi kyautarki ne Baba yana da rumfa a Kurmi, gero cike da ɗaki. Kyauta tana da daɗi in tukunya na kan wuta. Ban ce kin yi laifi ba. Na ma yi alfahari da ke, duk da ban taɓa gaya miki ba.

Sai na sayar da 'yan kunnena, na sayo kayan haɗi a Kurmi da kwalabe a Ƙofar Wambai. Na sami Inna na ce sana'a zan fara, kuma in ba ta tsaya a kaina ba jarina zai ƙone. Ba ƙarya na yi mata ba, ke ma kin san hannuna bai kai naku ba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, sai ta shinshina sandal ɗin ta ce an cuce ni.

Da ina zaton son kuɗi ne ke sa mutum ya kafa nasa. Yanzu da nake shiga kasuwa na ga kowa da abin da ya koro shi. Wani an rufe kamfaninsu, wata daga takaba ta fito ba mai ba ta, wani kuma ya gaji da tsayuwa a ƙofar ɗan'uwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Duk da haka, ranar da na sayar da kwalbar farko shiga madafi na yi na sha kukana, ji nake kamar ke na sayar. Amaren unguwa dai har yanzu kyauta muke ba su, wannan ɓangaren dokarki ban taɓa shi ba.

Juma'ar da ta wuce direban ya zo ya yi sallama. Na san Inna ya zo ɗauka. Inna ta yafa mayafi ta fita zaure, kuɗin mota a ƙulle a bakin zaninta. Na laɓe a bayan ƙofa ina jin su. Ta kwance kuɗin ta miƙa masa. Sai na ji tana ce masa ya sayo mata kayan haɗin turare, farce da hawi masu kyau, a can, don na Kano ba su da kirki, kuma ya ci gaba da cigiyar Modu a tasha. Ta dawo ta tarar da ni ina share hawaye, ta balbale ni da faɗa wai na bar tukunya a kan wuta.

Na karya dokarki, Umma, amma ƙanwarki tana nan a ɗakinki tana numfashi. Da ke ce, wanne za ki zaɓa? Ina jin na san amsar, sai dai da na so in ji ta daga bakinki.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sada mu cikin rahamarsa. Ki huta lafiya.

'Yarki mai ƙona sukari,
Yagana