Zuwa ga Kawu Idi, Wanda Ya Koya Mini Karatun Ingilishi

Assalamu alaikum, Kawu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ni ce Rakiya 'yar ƙanwarka Hadiza nake rubuto maka daga Malbaza. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Zan sa ta a shafina na intanet ne, inda waɗanda ba su san ka ba za su karanta. Ka yi haƙuri da wannan, ba ni da wani wurin ajiye ta.

Sakamako ya fito ranar Talata. Na ci. Jami'ar can Sakkwato ta karɓe ni karatun mastar a fannin adana amfanin gona, kuma takardar Ingilishi da muka fi jin tsoro, na haye makin da ake nema. Ina buro, wato ofishinmu, saƙon ya shigo wayata. Na karanta, na mayar da wayar cikin jaka, na ci gaba da cike takardun rabon iri. Sai da aka tashi aiki na gaya wa Inna. Ta zauna bakin gado tana ta godiya ga Allah, ni kuwa na tambaye ta ko akwai sauran tuwo.

Kai ne ka fara ji lokacin da na ce zan nemi karatun nan. Shekarar ce rabin albasarka ta ruɓe a rumbu a Galmi, ka tsaya kana kallon ana kwashe ta ana zubarwa. Na ce maka akwai masu bincike a kan haka a ƙetaren iyaka, amma da Ingilishi ake karatun, kuma sai an ci jarabawar shiga. Ni kuwa tun daga lakwal, wato firamare, har na sami lisans, digirina na farko, da Faransanci na yi komai. Ingilishin da aka koya mana bai wuce na gaisuwa da kwanakin mako ba. Ka ce, "Wannan ne kawai? Shekara ashirin ina kai albasa Kumasi, ba da hannu nake ciniki ba."

Ba ka taɓa shiga aji ba. A bakin manyan motoci ka koya, da allunan hanya, da jaridun da ake naɗe kaya da su. Da yatsa kake karatu, kana bin layi a hankali, leɓenka na motsi.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, da kowace Lahadi da hantsi, sai ka iso gidanmu da tsofaffin jaridu cikin leda. Inna ta shimfiɗa mana tabarma a gindin itacen bedi. Ka sa an yanko maka takardar buhun siminti, ka yayyanka ta ƙanana kamar tafin hannu. Kalma a gaba, ma'anarta a baya. Goma a rana, ba ƙari. Na ce goma sun yi kaɗan, jarabawa saura wata takwas. Ka ce wanda ya loda wa mota fiye da ƙima, a hanya yake sauke kayan.

Abin da ka fi yi mini faɗa a kai shi ne ƙamus. Da na ci karo da kalmar da ban sani ba, sai na kai hannu. Kai kuma ka ɗora tafinka a kan littafin. "Karanta har ƙarshe tukuna. Maƙwabtanta za su gaya miki ko wace ce." Sau uku kake sa ni karanta kowane sakin layi. Na farko ba tsayawa. Na biyu in ja layi ƙarƙashin abin da ya shige mini duhu. Sai a na uku ka ɗaga hannunka. Bayan haka ka rufe jaridar, ka ce in ba ka labarin da Hausa, kamar ina gaya wa Inna. In na kasa, to ban gane ba, a koma.

A wata na huɗu na karanta labari guda a kan farashin koko daga farko har ƙarshe, na ba ka shi da Hausa ban yi tuntuɓe ba. Ba ka yabe ni ba. Ka fiddo goro, ka ɓare, ka miƙo mini rabi, alhali ka san ba na ci.

Yanzu sai maganar da ta sa nake rubutun nan.

Wata ranar Lahadi, abokan aikina biyu, Mariyama da Salisu, sun zo mu yi bita tare, su ma suna shirin jarabawar. Mun bar jarida, mun koma tambayoyin shekarun baya, masu dogayen bayanai a kan noma da ƙasa. Muka zo kan wata kalma. Ka ce ka san ta, tana jikin allunan hanya a Gana, tana nufin mutum ya dakata ya sakar wa wani hanya. Na buɗe ƙamus, na ga an rubuta yawan amfanin da gona ta bayar. Na ce, "Kawu, wannan naka Ingilishin tasha ne, ba na jami'a ba." Salisu ya yi dariya. Ni ma na yi.

Ka cire tabarau, ka naɗe, ka sa aljihu. Ka ce, "To, Malama." Ka zauna har muka gama, ka sha ruwan da Inna ta kawo, ka yi sallama da kowa. Juma'a ba ka zo ba. Lahadi ma haka.

Bayan kwana tara na sake cin karo da kalmar a wani rubutu, kuma maganar gona ba ta shiga wurin ba. Na koma ƙamus. Ma'ana huɗu gare ta. Taka ce ta uku. Ni layin farko kawai na duba ranar.

Tsakanin Malbaza da gidanka ba wata tafiya ba ce, kabu-kabu ɗaya ne. Na ce sai Asabar. Asabar ta zo aka tura mu Badaguishiri duba lambuna. Na ce sai na sami abin da zan riƙo maka. Na ce sai bayan jarabawa, in zo da labari mai daɗi, sai maganar ta fi sauƙin faɗa. Mako bakwai na yi ina wannan. Inna ta tambaye ni sau biyu me ya hana ka zuwa, na ce lokacin lodin albasa ne.

Ranar da ka faɗi a wurin lodi, wani direba ne ya kira Inna. Hawan jini, in ji likita. Na iske ka a asibitin Konni, idonka a buɗe, bakinka ya karkace. Ɗakin cike yake da mutane, matarka Inna Hajo tana yi maka fifita. Na durƙusa na gaishe ka. Na riƙe hannunka, na ce, "Kawu, kai ke da gaskiya." Wata mata ta tambaye ni gaskiyar me. Ni dai kai nake kallo. Ban san ko ka ji ni ba. Idonka yana kan rufin ɗaki, bai juyo ba. Kwana biyu ka yi, Allah ya karɓi ranka.

Ban yi kuka ba, Kawu, har yau. A wurin zaman makoki ni nake raba ruwa da wanke kwanoni, mata suna cewa Rakiya akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Kamar dai ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka ji ba taka ba.

Saura mako uku jarabawa a lokacin. Na ci gaba da kalma goma a rana don ban san abin da zan yi da safiyar ba in ban yi hakan ba. Na tafi Sakkwato ni kaɗai. A ɗakin jarabawa an ba mu rubutu huɗu, kowanne da tambayoyinsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke kusa da ni tana ta share zufa, ni kuwa ina jin kamar takardun buro nake cikewa. Na gama da sauran lokaci, na zauna ina kallon fanka.

Shekaranjiya Inna Hajo ta aiko a kira ni. Wani direban da ya dawo daga Gana ya kawo mata wasiƙa, shafi biyu, rubutun hannu, da Ingilishi. Duk dangi babu mai iya karantawa sai ni. Daga wata mata ce a Kumasi, wadda ta daɗe tana sarin albasa a wurinka. Sai yanzu labarin rasuwarka ya kai mata.

Muka zauna a tsakar gida, Inna Hajo da takabarta, da 'ya'yanka mata uku. Ina karanta layi, ina mayar musu da Hausa. Matar ta ce a kasuwarsu ba a san ka da Idi ba, wani suna suke kiran ka da shi, na wanda aka haifa ranar Juma'a. Ta ce shekarar da mijinta ya rasu, kai ka tsaya mata a rumfa mako biyu har ta iya fitowa. Ta ce kana cin barkono fiye da 'yan garin, kuma ba ka taɓa wuce ƙofarta ba sai ka tambayi lafiyar mahaifiyarta. Ta ce da ta ji labarin, ta rufe rumfa kwana uku. Duk cikinmu babu wanda ya san ko ɗaya daga abubuwan nan. 'Yarka Zainabu ta yi dariya a wurin barkonon, daga nan ta rufe fuska da zane.

Babu kalma ɗaya da ta gagare ni a wasiƙar. Na lura da hakan sai da na kai ƙarshe.

Inna Hajo ta ce in rubuta mata amsa, direban zai koma jibi. Tana faɗa, ina rubutawa. Godiya, da yadda abin ya faru, da gaisuwa ga tsohuwar. Sai ta ce, "Ki gaya mata hankalinta ya kwanta, ya tafi ba ya riƙe da kowa a zuciya." Na tsaya da alƙalami a hannu. Ta ce ko babu yadda ake faɗin haka da Ingilishi ne. Na ce akwai. Na rubuta, ban yi kuskure ko ɗaya ba, na naɗe takardar na ba ta.

Ban sani ba ko gaskiya na rubuta, Kawu. Kai kaɗai ka sani. In da saura, ka yafe mini.

Wata mai kamawa zan tafi. Inna tana ta haɗa mini kaya, ni dai ina kallon ta.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya yafe maka kurakuranka. Ya ba Inna Hajo da yara haƙuri. Ya sa abin da ka koya mini ya amfani mutane, ladan ya riƙa iske ka. Ni kuma Allah ya sassauta mini zuciyar nan, ko na samu in yi maka kuka.

'Yarka,
Rakiya
Malbaza